Daga Wane Ƙauye? Yadda Jikokin Mutanen Polan Ke Neman Asalinsu

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya kan asali da zumunci

 

Da aka ce mu yi magana a kan asali da zumunci, mun san yawancinku kun zaci za ku ji tarihin zuwan kakanninmu nan Kudu, da fataucin goro da na shanu. To, wannan akwai dattawa a zaune a gabanmu da suka fi mu saninsa nesa ba kusa ba. Saboda haka muka ga gara mu ɗauko labarin wasu mutane na can nesa, wato mutanen ƙasar Polan ta Turai, waɗanda suka watsu a duniya, kuma yau jikokinsu da tattaɓa kunnensu suke ta fafutukar gano ƙauyukan da kakanninsu suka fito, da dangin da suka rage a can. Mutumin da ke zaune a garin da ba na kakansa ba, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin wannan labari ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, akwai lokacin da babu wata ƙasa mai suna Polan a taswirar duniya. Maƙwabtanta uku, Rasha da Ostiriya da Furushiya, wadda ita ce daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, sun yi watandar ta har sau uku, a 1772 da 1793 da 1795. Daga nan sai da aka yi shekara 123 kafin ta sake tsayawa da ƙafarta a watan Nuwamba na 1918. A cikin waɗannan shekarun ne kuwa aka yi babban ƙaura. Talauci da ƙarancin gona da gudun aikin soja na dole suka kori manoma daga ƙauyukansu. Su da kansu sun ba wannan tafiya suna, suka ce tafiyar neman burodi ce, kamar dai yadda mu za mu ce cin rani ko neman abin kai wa bakin salati. Mazauninsu na dindindin na farko a Amurka shi ne Panna Maria a jihar Tekzas, wanda aka kafa a 1854. Daga wajen 1870 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, kimanin mutum miliyan 2 suka tsallaka teku zuwa Amurka, suka shiga ramukan haƙar kwal da masana'antun ƙarfe da mayankan dabbobi na Shikago. Wasu kuma suka nufi Birazil, musamman jihar Parana. Yau mutum fiye da miliyan 8 a Amurka ke cewa jininsu na Polan ne.

Kun ga matsala ta farko ke nan. Jika ya tashi yana jin kakansa ɗan Polan ne, amma idan ya buɗe takardun kakan sai ya ga an rubuta Rasha, ko Jamus, ko Ostiriya. Ba ƙarya akawu ya yi ba. A ranar da aka cika takardar, sarkin da ke mulkin ƙauyen shi ake rubutawa.

Waɗanda suka tafi ba su manta da gida ba. Wasiƙa suka riƙa aikowa, da ɗan kuɗi, da tikitin jirgin ruwa don ƙane ko mata su biyo baya. Wasu masana biyu, William Thomas da Florian Znaniecki, sun tara irin waɗannan wasiƙu da yawa suka buga babban littafi a kansu tsakanin 1918 da 1920, kuma abin da suka lura da shi zai ba ku dariya, don kun san shi. Suka ce kusan kowace wasiƙa da gaisuwa take farawa, a ambaci Allah, a ce ana lafiya, sannan a jero dangi ɗaya bayan ɗaya da sunansu ana gaishe su, har suka kira ta wasiƙar rusunawa. Duk wanda a cikinmu ya taɓa zama ya rubuta wa wata tsohuwa wasiƙa zuwa Arewa ya san rabin takardar a gaishe-gaishe take ƙarewa. A da mu 'yan makaranta muna ganin ɓata tawada ne. Amma ga mai neman asali bayan shekara ɗari, wannan jerin gaisuwar ita ce zinariya, domin ita ce ke nuna wane ne wan wane, wace ce gwaggon wace.

Akwai kuma wasiƙun da ba su taɓa isa ba. A 1890 da 1891 hukumomin Rasha, don su hana mutane ƙaura, sun riƙa tsare wasiƙun da ke zuwa daga Amurka da Birazil, suna ajiyewa. Mai aikowa yana can yana jiran amsa, yana zaton an manta da shi, mai karɓa yana nan yana zaton an yi watsi da shi. Shekara hamsin bayan haka wani masanin tarihi mai suna Witold Kula ya ci karo da tulin wasiƙun a birnin Warso lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mafi yawansu sun ƙone a 1944, amma fiye da 300 sun tsira, aka buga su a 1973. Ku dubi wannan: aure nawa ya mutu, zumunci nawa ya yanke, ba don wani ya yi laifi ba, sai don takarda ta kwana a aljihun teburin ma'aikaci.

To, yanzu bari mu ɗauki misali. A ce ga wata mata a Shikago, shekarunta sun kai sittin, ba ta jin harshen Polan sai sunayen abinci biyu ko uku. Abin da ta sani kawai shi ne kakanta ya zo kafin yaƙin farko, sunan gidansu Kowalski, kuma an ce daga wajen Warso yake. Da wannan ba za ta gano komai ba. Kowalski yana cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar, daga kalmar maƙeri aka samo shi, kamar ka zo Kano ka ce kana neman gidan Maƙera. Wajen Warso kuwa magana ce irin wadda baƙo ke faɗa wa wanda bai san ƙasarsa ba, ya ambaci babban birnin da aka sani, alhali ƙauyensu na iya kai tafiyar kwana biyu daga can. Mu ma haka muke yi. Bayarabe ya tambaye ka daga ina, ka ce Kano, ka huta, ko da kuwa kai mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel.

Duk masu wannan bincike sun haɗu a kan magana ɗaya: sai ka sami sunan ƙauye, sannan aiki ya fara. Dalili kuwa shi ne a Polan ba a tara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a wuri guda ba. Kowane coci da littattafansa, kuma kowane coci yana da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. In ba ka san ƙauyen ba, ba ka san cocin ba, in ba ka san cocin ba, ba ka san littafin da za ka buɗe ba. Saboda haka matar nan ba Polan za ta fara zuwa ba. A gida za ta fara, ta zauna da tsofaffin da suka rage, ta zazzage akwatunan da aka jefa a rumbu, ta duba bayan tsofaffin hotuna da ambulan na wasiƙu, don tambarin gidan waya da ke kan ambulan kaɗai ya isa ya nuna gunduma.

Daga nan sai takardun hukuma. Kowane jirgin ruwa da ya sauke fasinja a tsibirin Ellis na Niyok, inda aka tantance baƙi fiye da miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954, yana da jerin sunayen fasinjojinsa. Daga 1906 aka fara rubuta garin haihuwar kowa a jerin, daga 1907 kuma aka ƙara sunan ɗan'uwa mafi kusa da mutum ya baro a gida da adireshinsa. Wanda kakansa ya zo bayan wannan shekara ya taki sa'a. A ɓangaren Turai kuma, jerin fasinjojin tashar Hambug ta Jamus daga 1850 zuwa 1934 yana nan, amma na tashar Bremen, inda ɗimbin mutanen Polan suka hau jirgi, mafi yawansa ya salwanta. Wani sashe ma ba yaƙi ne ya ci shi ba, ma'aikata ne suka zubar saboda wai babu wurin ajiya. A nan bari mu gyara wani labari da ya bazu, cewa jami'an tsibirin Ellis ne ke sauya wa baƙi suna. Ba haka ba ne, tun a tashar da aka taso ake rubuta jerin. Mutanen da kansu ne daga baya suka riƙa taƙaita sunayensu don su sami aiki ko don malamin makaranta ya daina tuntuɓe da su.

Amma akwai wata majiya da muke so shugabannin wannan ƙungiya su saurara da kyau. Da mutanen Polan suka yi yawa a Amurka sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, domin lebura na iya mutuwa a ramin kwal ya bar iyali babu ko kuɗin binne shi. Biyu daga cikin manyansu, wadda aka kafa a 1873 ta 'yan Katolika da wadda aka kafa a 1880, hedkwatarsu na Shikago. Kowane mamba yana zuba ɗan kuɗi, in ya rasu a biya iyalinsa. Kafin a karɓe ka sai ka cika takarda, kuma wanda ke cika ta ɗan'uwanka ne, mai jin harshenka, wanda ya san yadda ake rubuta sunan ƙauyenku daidai, ba kamar Bature ba da zai rubuta abin da kunnensa ya ji. Magatakardan da ya yi wannan aikin a 1900 kuɗin makoki yake lissafi, bai san tarihi yake rubutawa ba. Yau waɗannan takardu na cikin abin da jikoki ke rububin dubawa. Hatta Musulmin Polan, wato Tatar, waɗanda Sarki Jan Sobieski ya ba kakanninsu ƙasa a 1679 kuma masallatansu na katako ke tsaye har yau a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, da suka je Niyok sai da suka kafa tasu ƙungiyar a 1907, daga baya suka buɗe masallaci a unguwar Burukilin.

Mu kuwa me ke cikin rajistarmu? Suna, sunan mahaifi, sana'a, da kuɗin wata. In an yi ƙoƙari a rubuta jiha. Jihar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ya baro gida yana ɗan lardin Kano, tun 1991 ƙauyensu na iya zama a Jigawa. Na Sakkwato na iya zama Kebbi tun 1991 ko Zamfara tun 1996, Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, kuma akwai waɗanda kakansu daga Maraɗi ko Damagaram ya taso. Ba mu da littafin coci, ranar suna ana raba goro a yi addu'a a watse, ba mai rubuta komai. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, wato akwai gidajen da yanzu suke a zuriya ta huɗu ko ta biyar a nan. Kowa a wannan zaure ya san yaron da ya zo neman makaranta ko aikin gwamnati aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, nan aka ce shi baƙo ne, can Arewa aka ce ba a san gidansu ba. Layi huɗu kacal in aka ƙara a littafin magatakarda, ƙauye, unguwa ko gida, gunduma, sai sunan mahaifiya da garinsu, za su yi aikin da takardun Shikago suka yi. Wata al'adarmu ma ta taimake mu, ta ɗaukar sunan gari a liƙa a jikin suna, irin su Shagari da Tafawa Ɓalewa. Wanda kakansa ya yi haka, rabin aikinsa ya ƙare.

Mu koma kan matar Shikago. A ce ta dace, ta ga sunan ƙauyen a takardar ƙungiya, an rubuta Nowa Wies. Murnarta ba za ta daɗe ba, domin ma'anar sunan ita ce sabon ƙauye, kuma akwai fiye da ɗari masu wannan suna a ƙasar, kamar dai Sabon Gari ko Tudun Wada a wajenmu. A nan ne wani tsohon ƙamus na sunayen garuruwa mai kundi 15, wanda aka buga a Warso tsakanin 1880 da 1902, yake shigowa. Yana faɗin kowane ƙauye, gundumarsa, cocin da yake bi, har da yawan gidajensa. Da shi ake tacewa har a rage saura biyu ko uku.

Littattafan kansu wani karatu ne. A yankin da Ostiriya ta mulka da Latin aka rubuta su, a cikin layuka da gidaje kamar littafin lissafi, kuma ana sa lambar gidan da aka haifi yaro, ta yadda za ka iya bin gida ɗaya na tsawon shekara ɗari ka ga wa ya shigo wa ya fita. A yankin Furushiya gwamnati ta buɗe ofisoshin rajista a 1874, da Jamusanci. A yankin Rasha kuwa tun 1808 ake rubuta kowace haihuwa kamar labari: a ƙauye kaza, ran kaza, da ƙarfe kaza, wane manomi mai shekara kaza ya zo da shaidu biyu ya nuna jariri. Da harshen Polan ake yi, amma daga 1868 aka tilasta yin sa da Rashanci, kuma sau da yawa da kwanan wata biyu, na Rasha da na sauran Turai, masu bambancin kwana 12, kamar yadda muke sa na Hijira da na Bature. Takardar aure ta fi kowace daraja, don tana kawo sunan iyayen ango da na amarya, har da sunan gidan su uwa kafin aure. Kowane aure ka samu, ka hau mataki ɗaya ke nan.

Da yawa daga masu binciken suna shiga da fatan za su tarar kakansu basarake ne, don an gaya musu duk sunan da ya ƙare da ski na masu sarauta ne. Abin da akasari suke tararwa shi ne manomi, wanda ubansa ko kakansa yake noma wa mai ƙasa ala tilas, don sai a 1848 aka kawo ƙarshen wannan a yankin Ostiriya, a 1864 kuma manoman yankin Rasha suka mallaki gonakinsu. A ƙasan takardar sai limamin cocin ya rubuta cewa an karanta wa uba da shaidu, amma shi kaɗai ya sa hannu saboda ba su iya rubutu ba. Mu ma a nan bariki kowa ka tambaya jikan sarki ne ko jikan babban malami, ba ka cika jin wanda ya ce kakansa ɗan dako ne da ya ɗauko huhun goro a ka ba. A ganinmu wanda ya je neman asali da sharaɗin sai ya sami rawani, gara ya zauna a gida.

A da, duk wannan sai mutum ya rubuta wasiƙa zuwa ma'ajiyar takardu ya jira watanni. Yanzu intanet ta sauƙaƙa. Hukumar adana takardun ƙasar ta ɗauki hoton miliyoyin shafuka ta sa a shafinta kyauta, kuma 'yan sa kai sun zauna sun kwafe sunaye daga tsofaffin littattafai zuwa wani rumbu mai suna Geneteka, inda ake da sunaye miliyoyi masu yawa, kana sa suna ya fito maka da coci da shekara. Sai dai doka ta ce takardar haihuwa sai ta cika shekara 100, ta aure da ta mutuwa shekara 80, kafin a buɗe su ga kowa. Waɗanda ba su kai ba suna ofishin rajista na gari, kuma sai ka nuna kai jinin mai takardar ne.

Duk abin da muka faɗa na waɗanda suka tafi da ƙafarsu ne. Akwai waɗanda aka kora. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan ƙasar Polan wajen miliyan 6 suka hallaka, kusan rabinsu Yahudawa. A 1944 Jamusawa suka rushe Warso, suka ƙone ma'ajiyoyin takardunta da gangan. A 1945 aka ture iyakar ƙasar gaba ɗaya zuwa yamma, gabashinta ya koma hannun Tarayyar Sobiyet, ita kuma aka ba ta wani yanki na Jamus, aka kwashe miliyoyin mutane daga nan zuwa can. Birni guda da ake kira Lemberg a zamanin Ostiriya ya zama Lwow, ya zama Lvov, yau Lviv ne a ƙasar Yukiren. Mu da muke ce wa Legas Ikko, Ibadan Badun, ba za mu yi mamakin gari mai suna da yawa ba, amma su kowane suna da gwamnatinsa da ma'ajiyar takardunsa.

Wani reshe na wannan watsewar ya biyo ta Afirka. Daga 10 ga Fabrairu 1940 Sobiyet ta fara kwashe iyalai daga gabashin Polan zuwa Saiberiya. A 1942 wajen mutum 115,000 suka samu fita zuwa Iran, sojoji da mata da yara. Sojojin suka wuce fagen fama, matan da yaran kuwa aka rarraba su: wasu Indiya, wasu Meziko, yara 733 Niyuzilan, wasu kusan 18,000 kuma gabashi da kudancin Afirka. Sansani mafi girma shi ne Tengeru kusa da Arusha a Tanganyika, akwai kuma Koja da Masindi a Yuganda, inda cocin da suka gina yake tsaye har yanzu. Bayan yaƙi yawancinsu ba su koma ba, domin ƙauyukansu sun zama ƙasar wanda ya kore su. Ingila da Kanada da Ostireliya suka nufa. Saboda haka yau za ka ga mutum ya taso daga Landan ya zo maƙabartar Tengeru neman kabarin kakarsa, wadda aka haifa a ƙauyen da yanzu yake Belarus.

Irin waɗannan, wurin da suke dogara da shi shi ne ofishin neman ɓatattu na ƙungiyar Red Cross ta Polan, da wata babbar ma'ajiya a garin Bad Arolsen na Jamus mai takardu wajen miliyan 30 game da mutum miliyan 17.5 da aka tsare ko aka yi wa aikin tilas ko aka raba da gidajensu. Sai a 2007 aka buɗe ta ga masu bincike. A cikinta har da ambulan-ambulan na kayan da aka ƙwace wa fursunoni ranar da aka kulle su, agogo, zoben aure, hoton yara. Tun 2016 suke neman dangin masu kayan suna mayar musu, kuma da yawa daga iyalan da aka gano a Polan suke. Ka yi tunanin a buga maka waya a ce ga agogon kakanka, shekara fiye da saba'in bayan an ɗauke shi.

Saura haɗuwa da masu rai, wadda ta fi duk binciken takarda wuya. Wasu suna rubuta wa limamin cocin ƙauyen, wasu dagacin, wasu su bi ta Facebook. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin halitta, inda mutum zai aika yawunsa ga kamfani a nuna masa waɗanda suka haɗa jini. Yana aiki, amma yana tono abin da wasu gidaje suka rufe shekara da shekaru, kuma ba kowa ke gode wa wanda ya tono ba. Wata dabara da suke yi ta burge mu. Mutanen Polan suna kula da kabari ƙwarai, kowace ranar 1 ga Nuwamba iyalai na zuwa maƙabarta su share su kunna kyandir, kuma a maƙabartu da yawa kuɗin kabari na shekara 20 ne, in ba a sabunta ba ana iya ba wani wurin. Saboda haka in ka ga tsohon kabari mai sunan gidanku a share da sababbin furanni, ka san akwai mai rai da ke zuwa. Sai baƙon ya rubuta 'yar takarda da adireshinsa, ya sa a leda, ya danne da dutse a kan kabarin.

Ba kullum ake tarbar su da murna ba. Tambayar farko da ke zuwa zuciyar mutumin ƙauye ita ce, me ya kawo shi bayan shekara ɗari, ko gonar ya zo nema? Tsoron kuma ba na banza ba ne, domin akwai gonakin da har yanzu sunan kakan kaka ke kan takardarsu, ba a taɓa raba gadon ba. Wani lokaci ma 'yan gida ne ke neman na waje, don kotu ba za ta daidaita takardar ba sai an san duk magada. Wasu baƙin kuma fasfo ne ya kawo su, tun da Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, wanda ya iya tabbatar da cewa kakansa ɗan ƙasa ne yana iya samun nasa, ko da yake waɗanda kakanninsu suka fita kafin dokar zama ɗan ƙasa ta 1920 abin yakan yi musu wuya. Ba mu ga laifin mai neman fasfo ba, amma mutanen ƙauye suna gane bambancin wanda ya zo gaisuwa da wanda ya zo karɓar hatimi. Dangi rigar ƙaya ne a ko'ina. Masu gogewa a harkar suna ba da shawarar tun a wasiƙar farko ka faɗa ƙarara cewa ba gado kake nema ba, ka kuma haɗa da hoton kakan. Sau da yawa hoton ne ke buɗe ƙofa, domin irinsa sak yana nan a cikin akwatin wata tsohuwa a ƙauyen, an aiko shi daga Amurka tun kafin a haife ta, ba wanda ya san ko wane ne.

In an zauna cin abinci kuma, sai harshe ya tsaya a tsakani. Jikan Shikago ba ya jin na Polan, tsohuwar ƙauye ba ta jin Turanci, sai an nemo ɗan makaranta ya yi tafinta, kamar yadda muke gani in wasu yaranmu da Yarabanci ya fi zama a bakinsu suka je gaishe da kaka a Arewa. Wasu bayan wannan ziyarar sukan ɗore, a riƙa zuwa biki da makoki, a aiko yara hutu. Wasu katin gaisuwa biyu ko uku ake yi, shiru ya dawo. Zumunci a ƙafa yake, takarda iyakarta ta nuna maka ƙofar gidan.

Akwai kuma waɗanda ba su tarar da kowa. Jikokin Yahudawan Polan, waɗanda tun 1995 suke da nasu rumbun sunaye da 'yan sa kai suka haɗa, sukan gano garin, su gano titin da lambar gidan, amma dangin duka sun ƙare tsakanin 1939 da 1945, wasu ne daban a cikin gidan. Haka jikokin mutanen gabas, sukan tsallaka iyaka su tarar ƙauyen ya zama daji, ba abin da ke nuna an taɓa zama sai itatuwan 'ya'yan marmari da suka girma a jere inda gidaje suke a da. Sukan ɗauki hoto, wani ya ɗebi ƙasa kaɗan a ƙunshi ya koma da ita.

Ranka ya daɗe, shugaba, a nan za mu tsaya.